Labarina ya cije a shafi na 63, ni kuma na daina karatu

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 27. Shekara biyu ke nan ina rubuta ƙagaggun labarai ina sakinsu shafi-shafi a waya. Da farko don nishaɗi nake yi, yanzu masu bibiyata sun yi yawa, ranar da ban saki shafi ba sai su hana ni sakat da saƙonni. Labarin da nake kai ya zo shafi na 63 ya cije. Na manta abubuwan da na ƙulla a farko, har wata ta tuna min cewa mutumin da na sa ya yi magana a shafi na 58 na riga na kashe shi tun a na 20. Abin da ya fi damuna, ni da nake cinye littafi a kwana biyu, yau wata takwas ban gama ko guda ba, ina buɗewa sai in tsinci kaina a cikin sharhin mutane. Yayana, wanda shi ya koya min son karatu, ya ce littafin waya ba littafi ba ne, zai biya kuɗin ɗab'i idan na cire labarin daga intanet. Wata manhajar karatu ta turo min yarjejeniya, ban gane rabin abin da ke ciki ba. Ga kuma wata cikin masu karatuna ta haɗa shafukana a fayil ɗaya tana rabawa babu sunana. Na rasa ta ina zan kama. In haƙura da rubutun ne?

Wata marubuciya (an sakaya suna)

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki haƙura da rubutu, amma ki dakata da saki. Ba abu ɗaya ba ne, kuma kusan duk abin da zan gaya miki a kan wannan bambancin ya tsaya. Matsala huɗu kika kawo, sai dai uku daga ciki za su iya jiran wata guda ba tare da wani abu ya lalace ba. Wadda ba za ta jira ba ita ce ta rijiyar da kike ɗiba kullum alhali idon ruwanta ya toshe. Marubucin da ya yi wata takwas bai karanta komai ba sai sharhin da ake yi wa aikinsa, jimlolinsa na jiya yake maimaitawa, sannan labarin ya fara bin bakin masu sharhi. Ina kyautata zaton in kika duba za ki ga akwai inda kika tsawaita wata rigima, ko kika dawo da wani tauraro, don kawai an roƙa. Wannan ba gazawar basira ba ce. Duk wanda aka sa ya ƙirƙira, ya yi taifin, ya tace, ya saki a cikin awa 24, kullum har shekara biyu, nan zai iso.

Ki ɗauki hutun mako huɗu, ki kuma faɗi ranar dawowa. Masu karatunki suna da haƙƙi a kanki, domin sun ba ki lokacinsu, kuma da yawa sun sha cizon marubutan da ke ɓacewa a bar su da rabin labari. Tsoronsu ke nan, shi ya sa suke matsa miki. Amma haƙƙinsu shi ne labari ya kammala da kyau, ba shafi kullum ba. Wasu za su yi fushi, 'yan kaɗan za su tafi. Idan akwai waɗanda suka riga suka biya kuɗi, nasu daban ne: ki tura musu saƙo su kaɗai, ki ba su zaɓi ko su jira ko ki mayar musu, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Makon farko na hutun na karanta labarinki ne, daga shafi na 1, kamar wata ce ta rubuta. Kada yawan ya ba ki tsoro. In kowane shafi ya kai kalma 1,200, kina da kalma wajen 75,000, wanda a karatun kalma 200 a minti bai wuce awa shida da 'yan mintuna ba. Awa ɗaya a rana ya isa. Ki ajiye littafin rubutu da biro a gefe, ki ware wa kowane tauraro fuskar takarda guda: cikakken sunansa, shekarunsa, dangantakarsa da sauran, abin da yake nema, sirrin da ya sani da shafin da ya san shi, da shafin da ya mutu idan ya mutu. A wata takardar ki rubuta layi ɗaya tak a kan kowane shafi, wato me ya canza a cikinsa. Nan za ki sha mamaki, domin za ki tarar da shafuka goma ko fiye da ba abin da za ki iya rubutawa a gabansu sai “sun yi hira”. Ki sa musu alama, su ne za su fita idan an zo haɗa littafi. Takarda ta uku ita ce mafi amfani: duk wani ƙulli da kika yi ba ki warware ba, wasiƙar da aka ɓoye, baƙon da ya zo sau ɗaya ya tafi, alkawarin da aka ɗauka. Labari ba ya cijewa don marubuci ya rasa sabon abu. Yawanci tsofaffin ƙulle-ƙulle ne suka yi yawa har ya rasa wanne zai ja. Ki zaɓi uku da suka shafi tauraruwarki kai tsaye, su ne za su kai ki ƙarshe. Sauran ki rufe su da jimla ɗaya ko biyu a bakin wani.

Shi kuwa mamacin da ya yi magana, kada ki yarda da dabarar da za ta fara zuwa miki, ta cewa ashe bai mutu ba. Idan ba ki dasa alamar hakan tun a shafi na 20 ba, mai karatu zai gane faci ne, kuma daga nan ba zai ƙara jin zafin mutuwar kowa a labarinki ba. Ki koma shafi na 58 ki sa maganar a bakin wani mai rai, ki gaya wa masu karatu kin gyara, ki gode wa wadda ta gano. Wannan baiwar Allah ma ki riƙe ta. Mai karatun da ke tuna abin da ya faru shafi 38 baya ita ya kamata ta riƙa ganin rubutunki kafin kowa.

Kafin ki ci gaba, ki rubuta shafin ƙarshe, ko da a gurguje. In kin san inda za ki sauka, sai ki lissafa baya: abubuwa nawa ne dole su faru tsakanin shafi na 63 da can? Da wuya su wuce goma sha biyu. Kada ki koma saki sai kina da shafi goma a ajiye, sannan ki riƙa sakin uku a mako kina rubuta huɗu. Ajiyar nan ita ce za ta rufa miki asiri ranar rashin lafiya, ita ce kuma za ta hana sharhin daren jiya ya juya miki labarin safiyar yau, tunda abin da suke gardama a kai kin wuce shi da mako uku.

Batun karatu kuma, ba son littafi ne ya fita daga ranki ba. Wayar da kike son karantawa a ciki ita ce wajen aikinki, ita ce kuma inda ake yabonki da zaginki, kuma babu littafin da zai iya gasa da saƙon da ke magana a kanki. Saboda haka ki raba su. Ko dai littafin takarda, wayar tana wani ɗakin, ko ki sauke littafin a waya ki kashe data gaba ɗaya kafin ki buɗe. Idan da hali, na'urar karatu mai allon da ba ya ƙyalli irin Kindle ko Kobo tana da daɗin ido kuma cajinta na yin makonni, amma ba dole ba ce. Ki fara da minti 20 a lokaci guda kullum, kafin ki duba sharhi, ba bayan kin duba ba. Kwana uku ko huɗu na farko hankalinki zai riƙa tsalle, ki kai ƙarshen shafi ba ki san me ya ce ba. Ki ci gaba, yana lafawa. Minti 20 kalma 4,000 ce, wato littafi mai kalma 80,000 a kwana 20. Ki fara da wanda kika taɓa karantawa kika so, don ya ja ki ba da wahala ba, na biyu kuma ya zama daga wani fanni da ba naki ba. In soyayya kike rubutawa, ki ɗauki na bincike ko tarihin rayuwar wani. Idan wani wuri ya kama ki, ki koma ki ƙirga: layi nawa marubucin ya ɗauka kafin ya shigo da rikici, a ina ya yanke babin, me ya ƙi faɗa. In kuma littafi ya kai shafi 50 bai kama ki ba, ki ajiye ki ɗauki wani, ba jarrabawa za ki rubuta ba.

Yanzu Yaya. Ki fara da ganin abin da ke bayan maganarsa. Mutumin da ya ce zai zuba kuɗinsa a rubutunki bai raina shi ba, so yake ya ga sunanki a jikin abin da za a riƙe a hannu, wanda ba zai ɓace ranar da waya ta faɗa ruwa ba. Yana da gaskiya a wani ɓangare: abin da ake saki kullum ba a tace ba bai zama littafi ba tukuna, ke ma shaida ce. Inda ya kauce shi ne ɗora laifin a kan allo. Littafin lantarki ya girme ki nesa ba kusa ba, tun 1971 Michael Hart ya fara Project Gutenberg, wato taskar littattafan lantarki na kyauta, a Amurka, Wattpad, dandalin sakin labarai a intanet, ya zo a 2006, Kindle a 2007. Sakin labari kashi-kashi ma ba waya ce ta kawo shi ba, Charles Dickens a Ingila ya yi suna ne tun 1836 da labarin da ake fitarwa wata-wata, daga baya a haɗa shi littafi. Akwai kuma wani babban nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara bincike 54 da suka shafi mutum fiye da 170,000. Ya gano cewa an fi fahimtar rubutun bayani a takarda, musamman idan ana karatun cikin ƙurarren lokaci, amma a rubutun labari zalla bambancin bai fito ba. Kada dai ki je masa da waɗannan kamar mai neman kayar da shi. Ki ce, “Yaya, na karɓi tayinka, amma ina roƙon mu sauya tsari.” Kuɗin ya fara zuwa wajen edita, domin littafin da ba a tace ba in an buga shi kurakuransa ne suka samu bango. Bayan nan a buga kwafi kaɗan, ko a bi tsarin da ake buga kwafi sai an yi oda, kada a tara ɗaruruwa a kwali suna shan ƙura. Sharaɗin cirewa daga intanet kuwa, ki nuna masa cewa masu sayen na takardar su ne waɗannan da ke waya, in kin rufe musu ƙofa babu wanda zai san an buga. Abin da za ki iya yi masa, kuma yana da amfani gare ki, shi ne bayan an kammala ki cire tsofaffin shafukan da ba a gyara ba daga intanet, ki bar babi uku ko huɗu na farko a matsayin ɗanɗano. Ki kuma ba shi rubutun ya karanta da jan biro. Wanda aka ba aiki a cikin abu ba ya tsayawa a waje yana kushe shi.

Haɗa littafin lantarki ba wuya, amma akwai wuraren da ake faɗuwa. Ki tara komai a fayil ɗaya a Word ko Google Docs. Kan kowane babi ki sa masa salon babban take da ke cikin manhajar, kada ki ƙara girman harafi da hannu, domin da wannan salon ne ake gina jerin babi da mai karatu zai taɓa ya tsallaka. Kada ki tura sakin layi ciki da maɓallin tazara, kada kuma ki yi ta danna maɓallin sauka don ki kai sabon shafi, duk za su watse a wayar wani. Ki fitar da shi a EPUB, wanda rubutunsa ke bin girman allo kuma mai karatu na iya ƙara girman harafi. PDF shafinsa a daskare yake, a ƙaramar waya sai an yi ta ja da yatsu, ki bar shi don maɗaba'a. Google Docs na fitar da EPUB kai tsaye, Calibre kuma kyauta ce a kwamfuta, tana juyawa tana gyarawa. Ki gwada a waya uku daban-daban, har da tsohuwa mai ƙaramin allo, ki sa ido a kan ɓ, ɗ da ƙ. Wasu nau'o'in harafi ba su da su, sai su fito kamar ƙaramin akwati ko su bambanta da sauran rubutun. Noto da Charis SIL suna da su, kuma lasisinsu ya yarda a cusa su cikin fayil. Ki kashe gyaran kalma na atomatik tun wajen taifin, shi ne ke mayar da kalmominki wasu abubuwa ba ki lura ba. Bango kuma ki ƙanƙanta shi ya koma kamar kan babban yatsa ki gani ko sunan littafin na karantuwa, don a wannan girman za a fara ganinsa.

Kafin ki ɗora a kowace kasuwar littattafai, ki tabbatar da abu biyu: tana karɓar harshen da kike rubutu da shi, kuma tana da hanyar da kuɗi zai iso hannunki a inda kike. Mutane kan gama wahala sannan su gano ɗaya babu. A Amazon, misali, kason marubuci 35 ne ko 70 cikin ɗari, gwargwadon farashin da ya sa da ƙasar mai saye, kuma wanda ya shiga tsarinsu na KDP Select ya yarda ke nan ba zai sayar da littafin lantarkin a wani wuri ba har kwana 90. Na kawo wannan ne don ki samu ma'auni: a can haƙƙin mallaka na hannun marubuci, wa'adin kuma a bayyane yake.

Da wannan ma'aunin za ki auna yarjejeniyar da aka turo miki. Kada ki sa hannu a kan abin da ba ki gane rabinsa ba, ko sun ce tayin zai ƙare gobe. Ki nemi amsar tambayoyin nan a cikin takardar kanta, ba a bakin wakilinsu ba. Aron izinin wallafawa suke nema, ko sayen haƙƙin mallakar ɗungurungum? Su kaɗai za su wallafa, kuma har shekara nawa? Izinin ya tsaya a karatu cikin manhajarsu, ko ya haɗa da bugun takarda, fassara, sauti da fim? In ya haɗa da takarda, to maganarki da Yaya ta mutu tun ba a fara ba. Yaya ake lissafa kuɗin, sai ya kai nawa ake biya, kuma za ki iya ganin alƙaluman da idonki? Kalma nawa suke so a rana, me zai faru in kin gaza? Wannan ta fi shafarki, domin yarjejeniyar da ta ɗaure ki da saki kullum ciwon da kika kawo min ne aka buga wa hatimi. Sai ta ƙarshe: ta wace hanya za ki fita, kuma labarin zai dawo hannunki? Ki kula da duk layin da ya ambaci littattafan da za ki rubuta nan gaba ko sunan alƙalaminki. Ki kai wa lauya ya duba, ki kuma nemi marubuta biyu da suka yi shekara da manhajar ki tambaye su ko an biya su a kan lokaci. In kamfanin ya ƙi sauya ko layi ɗaya, ya ƙi kuma yi miki bayani a rubuce, kin samu amsarki.

Mai raba fayil ɗin nan, ki fara da kyautata zato. Da yawa masu yin haka ƙauna ce ta sa su, gani suke taimakon 'yan'uwa suke yi. Amma cire suna ba ƙaramin abu ba ne, kuma doka na bayanki: a ƙarƙashin yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe fiye da 170 suka shiga, haƙƙin mallaka na tabbata ne da zarar an rubuta aiki, ba sai an yi rajista ba. Ki fara tara hujja kafin ki yi magana: hoton allo na inda ta raba, kwanan watan da kika saki kowane shafi, da tarihin gyare-gyaren fayil ɗinki. Sannan ki tura mata saƙo ita kaɗai, cikin mutunci, ki ce ta janye ta kuma sanar a inda ta raba cewa aikinki ne, ki ba ta mako guda. Kada ki fara da tona ta a bainar jama'a, masoyanki za su yi mata ca, rigimar ta cinye hutun da kika ɗauka don rubutu. In ta ƙi, ko kika gano sayarwa take, manyan dandamali irin Facebook da Wattpad suna da fom na ƙorafin satar fasaha, ki cike ki haɗa hujjojinki. Ba zan ɓoye miki ba, abin da ya riga ya bazu ba ya dawowa duka, kuma babu makullin da zai hana a ɗauki hoton allo. Abin da ke hannunki shi ne daga yau sunanki ya shiga farko, tsakiya da ƙarshen kowane shafi, sannan littafin da za ki fitar ya fi wanda ke yawo: an tace shi, an cire shafukan da ba su da amfani, mamaci ya kwanta, ga kuma ƙarshen da wancan fayil ɗin ba shi da shi.

Yau da dare abu ɗaya kawai za ki yi. Ki rubuta musu layi uku, kamar haka: “Labarinmu ya kusa sauka, ina so in sauke shi yadda ya dace da ku. Zan dakata na mako huɗu, in sha Allah ranar kaza zan dawo, daga nan Litinin, Laraba da Asabar.” Ki sa ainihin ranar, ki tura, ki kashe sanarwar manhajar, kada ki tsaya karanta amsoshi sai jibi. Wakilin manhaja ki ce masa kina nazari, Yaya kuma ki roƙe shi ya ara miki littafi guda daga cikin waɗanda ya fara ba ki kina ƙarama. Idan mako huɗun ya cika, ki sake rubuto min ki gaya min ƙulli ukun da kika zaɓa.